Littafin silaim da na saya wa yarana a Jidda

Tun farkon hutun makaranta 'yata mai shekara takwas ta addabe ni da maganar silaim, wannan abin wasa mai yauƙi da danƙo da yara ke ja suna murzawa, wanda ta gani a hannun ƙawayenta. Na ƙi saya mata na gwangwani da ake jibgewa a shagunan riyal biyar, domin wanda na ɗauka na duba babu inda aka rubuta abin da aka haɗa shi da shi, sai muka daidaita a kan cewa za mu nemi littafin da zai koya mana haɗawa a gida. A wani kantin littattafai da ke arewacin Jidda muka samu ɗaya da Larabci, fassara daga Turanci, mai shafi 32 da bango mai kauri, a kan riyal 45. Yau mako biyar ke nan yana hannunmu.

Labarin na wata yarinya ne da ta mai da kicin ɗin gidansu ɗakin gwaji, kuma abin da ya fi burge ni shi ne marubucin bai bar ta ta yi nasara da wuri ba. Haɗinta na farko ya tsinke kamar kunu, na biyu ya manne mata a hannu har da gashin kai, na uku kuma ya yi tauri yana tsalle kamar ƙwallon roba. Bayan kowace faɗuwa sai ta buɗe ɗan littafinta ta rubuta cokali nawa ta zuba, sannan ta sauya abu guda kaɗai a gwaji na gaba, ta bar sauran yadda suke. Wannan ɗabi'a ta sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya ita ce ƙashin bayan gwajin kimiyya, kuma ban taɓa ganin an shigar da ita kan yaro cikin sauƙi irin haka ba, ba tare da wa'azi ko doguwar lacca ba. Kwana uku da fara karatu na tarar 'yata ta yago takarda daga tsohon littafin lissafinta ta ja layuka, tana rubuta awon gam da na ruwa.

Bayanin kimiyyar ma daidai yake. An zana ƙwayoyin farin gam na makaranta, wanda ake rubuta PVA a jikin robarsa, kamar dogayen zaruruwa masu zamewa a jikin juna, sannan aka zana sinadarin boraks kamar ƙananan hannaye da ke kama zare biyu su riƙe. Idan hannayen sun yi kaɗan, haɗin ya ci gaba da mannewa, idan kuma sun yi yawa ya sandare. Saboda riƙon nasu na kamawa da saki ne, silaim yake miƙewa idan an ja shi a hankali, ya kuma tsinke nan take idan an fizge shi. Ƙanen 'yata mai shekara biyar, wanda bai iya karatu ba tukuna, daga hoton kawai ya gane wannan.

Sai dai akwai inda littafin ya yi sakaci, kuma ba ƙaramin sakaci ba ne. Haɗin farko da ya kawo na garin boraks ne da ake narkarwa a ruwan ɗumi, amma gargaɗin da ya kamata ya zo a gaba da manyan baƙaƙe an tura shi shafin ƙarshe, da rubutu ƙanana da sai an ƙura ido. Boraks yana iya ƙona fata mai laushi idan ya yi yawa ko ya daɗe a hannu, ba a son ya shiga ido, ba a kuma son yaro ya haɗiye shi. Ba don banza ba Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa sinadarin boron, wanda ke cikin boraks, da ke fita daga kayan wasa masu ruwa-ruwa ko danƙo kada ya wuce miligiram 300 a kowane kilo. Ga shi kuma mai zanen ya nuna yarinyar tana aiki ita kaɗai, babu babba a kusa, ga kofin shayi a gefen kwanon haɗi. A gidajenmu da ake samun mai rarrafe a ƙarƙashin kowane tebur, wannan hoto bai dace ba.

Mu haɗi na biyu muka bi: rabin kofi na gam, rabin ƙaramin cokali na bikarbonat, wato bakin soda, da babban cokali ɗaya na ruwan wanke gilashin ido na mannawa, wanda ake samu a kantin magani. Littafin bai faɗa ba cewa dole ne ruwan ya ƙunshi sinadarin borik, kuma kwalbar farko da maigida ya sayo ba ta da shi, sai muka yi ta juyawa har hannu ya gaji babu abin da ya kama. Wannan haɗin ma ɗan gidan boraks ne, ƙarfinsa ne kawai bai kai ba, don haka wanke hannu bayan wasa wajibi ne. Abin da ya zuba a kafet kuwa ruwan khal, wato binega, ne ya cire shi, kuma wannan dabarar daga maƙwabciyata na ji ta, ba daga littafin ba.

Wani abin da na so a ce mai fassara ya lura da shi shi ne, yauƙi ba baƙo ba ne a ƙasar da ake cin mulukhiyya da bamiya, wato lalo da kuɓewa. Ranar da surukata ta zo daga Makka ta ga yaran sun duƙufa, dariya ta yi ta ce, "To ai wannan miyar karkashi ce da ba a ci." Daga nan hirar ta koma kan kuɓewa da lalo, da dalilin da ya sa ake jefa 'yar kanwa a tukunya don miya ta yi yauƙi, da yadda tsami ke kashe shi. 'Yata, wadda Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, a ranar ta koyi bambancin yauƙi da danƙo da kauri, kalmomi uku da ta saba haɗe su wuri guda. Washegari ta ce, "Hajiya, ki ba ni kuɓewa biyu zan yi gwaji," ta yanka ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan lemon tsami, ta rubuta abin da ta gani.

Fassarar Larabcin mai sauƙi ce kuma an sa wa kalmomin wasali, abin da ke taimakon ɗan aji biyu ko uku ya karanta da kansa. Takardar mai santsi ce, gam ya zuba a kanta sau da yawa mun goge ba ta yage ba.

Ina ganin ya dace da yaro daga shekara bakwai zuwa goma, da sharaɗin uwa ko uba su fara karanta shafin ƙarshe kafin na farko, su kuma zauna a wurin har a gama. Ga wanda bai kai haka ba, akwai gwaji na uku a ciki da ba ya buƙatar boraks ko kaɗan: kofi biyu na sitacin masara, wanda ake kira nasha a shagunan unguwa, da kofi ɗaya na ruwa. Idan an naushe shi ya yi tauri, idan an tsoma yatsa a hankali ya nutse. Shi ƙaramin nawa ya fi so, kuma shi ne kaɗai nake barin su yi idan ina kicin ina girki.