Cibiyar ba da shawara da na kai ƙanwata bayan an sa mata rana

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, a Kano a dokance ba a ɗaura aure sai an ga takardar gwajin sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Ƙanwata ta yi nata, komai lafiya lau. Abin da ya dame ni ba ya cikin takardar. Yarinyar da a da ba ta tashi daga kan keken ɗinki sai an kira magariba ta koma ba ta da aiki sai kallon waya. Idan alamar nan ta WhatsApp ta koma shuɗiya, wato saurayinta ya karanta saƙonta, amma bai amsa ba, to ranar ko tuwon dare ba za ta taɓa ba. Ta daina zuwa Islamiyya, ta yanke hulɗa da ƙawayenta, ta rame. Umma ta ce so ne, zai lafa bayan biki. Wata gwaggonmu ta ce a nemo mata rubutu. Ni kuwa na kai ta wata cibiya mai zaman kanta da ke ba da shawara kan aure da zamantakewa, wadda wata abokiyar aikina ta ba ni labarinta.

Matar da ta karɓe mu ta karanci ilimin halayyar ɗan adam, kuma daga maganarta ka san ta zauna gaban malamai. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ta dubi ƙanwata ta ce, "Kina so Yaya ta zauna, ko ta jira mu a waje?" Ni ce na biya kuɗin, amma ba ni aka tambaya ba, kuma haka ya kamata. Ƙanwata ta ce in zauna a zaman farko. Sauran zaman su biyu suka yi, sai abin da ta ga damar gaya mini a adaidaita sahu kan hanyarmu ta komawa.

Matar ba ta tambaye ta ko tana son yaron ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, ranar da bai kira ba, me kike yi da yininki?" Shiru. "Yaushe rabon da ki ce masa a'a?" Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana murɗa gefen hijabinta. "In ranki ya ɓaci, wa kike gaya wa ban da shi?" A nan ta fashe da kuka. Hajiyar ba ta hanzarta rarrashinta ba, ta tura mata kwalin tishu, ta bar ta ta gama.

Bayanin da ta yi bayan nan shi ne abin da nake ganin ya cancanci kuɗin. Ta ce mai so na gaskiya tana kewar saurayinta, tana murnar jin muryarsa, amma in ya yi shiru tana iya cin abinci, ta yi barci, ta yi sana'arta, domin zuciyarta ta yarda yana nan. Wadda kuma ta ɗora rayuwarta kacokan a kansa, tsoro ne ke tuƙa ta: kowane jinkiri alama ce ta za a rabu da ita, don haka take yarda da duk abin da ya ce ko da ranta bai so ba. Ta ce masana sun daɗe da gano tushen wannan. Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya yi nazarin shaƙuwar jariri da uwarsa, sannan Mary Ainsworth ta zauna a Uganda a wajajen 1954 tana lura da iyaye mata da jariransu a ƙauyukan da ke kusa da Kampala. Yaron da ya amince uwarsa ba za ta ɓace masa ba yakan sauka ya yi wasansa, ya dawo in ya buƙace ta. Wanda bai amince ba yakan manne mata, kuma ko an ɗauke shi ba ya saurin yin shiru. A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa manya ma haka suke a soyayya. Daga nan ta karanto aya ta 21 a Suratur Rum, inda Allah ya ce ya halitta mana abokan zama domin mu natsu da su, ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakani. Ta ce wa ƙanwata ta duba ko abin da take ji yana kawo mata natsuwa.

Ban taɓa jin ta ce a fasa auren ko a ci gaba ba, kuma na yaba da hakan ƙwarai. Aiki ta ba ta. Ta sayi ƙaramin littafi, duk lokacin da hannunta ya kai ga waya don duba ko yana kan layi, ta rubuta abin da ta ji kafin nan. Bayan isha'i wayar ta kwana a ɗakin Umma. Ta karɓi ɗinki ko da kala ɗaya ne a mako. Mafi wuya, ta gaya masa abu guda da ba ta so, ta ga yadda zai ɗauka. Hajiyar ta kuma yi mata kashedi game da ɓangarensa: namijin da ke neman lambar sirrin wayarki, ko ya hana ki ƙawaye, ko ya yi miki horo da shiru na kwanaki, iko yake nema, ko da ya kira abin kishi. Ta ce da ta ga alamar ciwon damuwa mai tsanani, da ta tura mu wajen likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, domin ita ba ta rubuta magani.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Kuɗin zama ɗaya ya kusa kuɗin atamfa mai kyau, wanda ya fi ƙarfin yawancin 'yan matan da suka fi buƙatar wurin. Takardar da ake cikewa da Turanci take kaɗai. Ɗakin jira ƙarami ne, ƙofarsa na kallon titi, kuma a garin nan ganin budurwar da aka sa wa rana a irin wannan wuri ya isa ya zama zance a unguwa. Sannan ba su da namiji mai ba da shawara, shi ya sa saurayin ya ce ba zai je ya zauna gaban mace ya faɗi cikinsa ba. Wannan babban giɓi ne, tun da rabin maganar a wurinsa take.

Ƙanwata ta koma kan kekenta, ta koma Islamiyya. Da ta gaya masa ba ta son kiran da yake yi mata tsakar dare, ya yi fushi, daga baya ya daina. Ita da kanta ta roƙi Baba a ƙara wa bikin lokaci, kuma an ƙara. Duk mai niyyar zuwa ta kira tukuna ta nemi zaman safe, lokacin ɗakin jiran babu kowa, ta kuma tambaya ko suna rage kuɗi ga wadda za ta yi zama da yawa.