Ƙamus ɗin waya da na gwada da kalmar "pole"

Ina koyar da Turanci a wata makaranta a unguwar Kawo da ke Kaduna, da yamma kuma ina da 'yan darasi a gida, yawancinsu masu shirin WAEC da JAMB. Tun farkon zangon nan nake aiki da wata manhajar ƙamus ta Turanci zalla, wadda wata malama abokiyar aikina ta tura min ta Xender. Kyauta ce, kuma da zarar ta zauna a waya ba ta ƙara neman data. Wannan kaɗai abin yabo ne, don ba kowane yaro ne iyayensa ke iya saya masa data kullum ba.

Ni ba na gwada ƙamus da doguwar kalma mai wuyar faɗa. Irin waɗannan galibi ma'ana ɗaya gare su, kowane ƙamus zai kawo ta. Gajerun kalmomin da yaro ke ganin ya gama saninsu, su ne ke kayar da shi ranar jarrabawa. Shi ya sa na ɗauko "pole". Da na tambayi ajina ma'anarta, baki ɗaya suka ce falwaya, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai nan saninsu ya tsaya.

A nan manhajar ta burge ni ƙwarai. Ba ta cakuɗa komai wuri guda ba, sai ta raba kalmar gida uku, kowane da asalinsa. Gidan farko shi ne dogon abu siriri na itace ko ƙarfe ko siminti, kamar wanda ake ɗaura wa tuta, ko a kafa rumfar biki da shi, ko wanda mai kwalekwale ke dogarawa a ƙasan ruwa ya tura jirginsa a kogin Kaduna. Wannan daga Latin ta samo tushe, daga kalmar da ke nufin turke. Gida na biyu kuwa daga Girkanci ya taso, kuma asalinsa abin da wani abu ke juyawa a kansa ne. Shi ne ya ba da sunan ƙarshen duniya na arewa da na kudu, da kawuna biyu na maganaɗisu, da kawunan batir, wato mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Na uku da babban baƙi ake rubuta shi, yana nufin mutumin ƙasar Poland.

Wannan rabe-raben ya warware wa wata ɗalibata abin da ya daɗe yana damunta. Ta ce, "Malam, to wa ya kafa sandar a can ƙarshen duniyar?" Na nuna mata cewa kalmomi biyu ne daban, rubutu da furuci kawai suka haɗa su. Daga nan muka gangara kan labarin Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norway da ya fara kaiwa ƙarshen duniya na kudu ranar 14 ga Disamba, 1911. Ranar darasin Turanci ya leƙa labarin ƙasa da kimiyya, kuma yaran ba su ƙosa ba.

Muryar da ke karanta kalma ita ma ta yi mana amfani. Mu Hausawa harshenmu kan mai da "p" ta koma "f", to idan yaro bai kula ba sai ya faɗi "foal", wato dukushi, alhali sanda yake nufi. Suna sauraro suna maimaitawa, sun kuma gane cewa "pole" da "poll" ta zaɓe furucinsu ɗaya ne, amma "pool" dabam take. Mai shirin takardar furuci ta WAEC ya san darajar wannan.

Inda ban gamsu ba shi ne sashen kalmomi masu kusancin ma'ana, kuma abin ya dame ni don nan ne JAMB ta fi kama yara. Manhajar da ta yi ƙoƙarin raba ma'anoni a sama, da ta zo nan sai ta zube su a jeri guda: "rod", "post", "stake", "staff", "mast", "shaft", har da "terminal" da "extremity" waɗanda na gida na biyu ne. Ba ta ce wannan ta jirgin ruwa ce, waccan ta kafawa a ƙasa ce, waccan ta riƙewa a hannu ce ba. Ko a Hausa ai turken da ake ɗaure rago ba shi ne dirkar da ke riƙe rumfa ba, kuma ba wanda zai kira azara sandar makiyayi, duk da cewa dukkansu dogayen itatuwa ne. Yaron da aka ba wa jeri irin wannan zai ɗauka kowace tana iya zama a gurbin kowace. Ya taɓa "staff" ya tarar da ma'aikata, ya taɓa "post" ya tarar da muƙami, sai ruɗanin ya ninku. Dole na zauna na rarraba musu a allo, kowace da jimlarta, aikin da ƙamus ɗin ya kamata ya rage min.

Haka nan ba ta san Turancinmu na nan gida ba. A Kaduna idan ka tambayi hanya aka ce maka saura "two poles", tazarar falwaya biyu ake nufi. Abin da manhajar ta kawo shi ne tsohon ma'aunin fili na Ingila, ƙafa 16 da rabi, wato mita 5 da 'yan kai. Bayanin daidai ne, amma ba shi ɗan acaɓa ko mai Keke ke nufi ba, kuma malami ne zai gaya wa yaro wanne ake faɗa a titi, wanne ake rubutawa a takardar jarrabawa. Salon magana kuwa ta iya shi: ta bayyana "poles apart" sarai, har wani yaro ya ce ai wannan shi ne mutum biyu su yi hannun riga.

Ga iyayen da za su sa wa 'ya'yansu ita, akwai abu ɗaya da nake roƙo. Muddin data na kunne, talla na faɗowa ta rufe fuskar wayar, kuma na ga tallar caca a ciki, abin da ba na so ɗalibina ya gani yana tsakar karatu. A kashe data kafin a miƙa wa yaro wayar, tunda ƙamus ɗin ba ya buƙatarta. Idan kuma ya zo jerin kalmomi masu kusancin ma'ana, kada a bar shi ya kwafa kai tsaye, a sa shi ya buɗe kowace ya karanta misalin jimlarta tukuna.