Tauraro biyu na ba kamfanin aika kayan da ya kawo min jita a karye ya kuma ɓatar min da amfilifaya

Na daɗe ina son rubuta wannan amma sai da na bari raina ya huce tukuna, don kar fushi yasa in faɗi abinda ba haka yake ba. Kamfani ne na aika kaya, irin masu zuwa har ƙofa su ɗauka su kai maka inda kake so, sau uku nayi hulɗa dasu cikin wata 14 kuma duk kayan kiɗa ne. Bazan kama sunansu ba. Tauraro biyu na basu cikin biyar, kuma wallahi na biyun ma don direbobinsu ne, ba don ofis ɗinsu ba.

Na farko jitar katako ce mara lantarki, kwana huɗu ta iso lafiya ƙalau, direban da hannu biyu ya riƙo kwalin bai jingina shi da bango ba sai da ya tambaye ni ina ne sama. Wannan yasa na saki jiki dasu.

Na biyun ne ya ƙona min rai. Jitar lantarki ce na saya a hannun wani mutum da ke nesa, na shekara ina tara kuɗinta, ya turo min hotonta cikin akwatinta mai ƙarfi sannan cikin kwali. Da ta iso naga kusurwa ɗaya ta kwalin ta ɗan lotsa amma ban kawo komai a raina ba, na sa hannu kawai direba ya tafi. Ban ma buɗe a ranar ba, saboda irin fentin da ake wa waɗannan jitocin, wato naitiro, in ya fito daga sanyi ya shiga ɗumi farat ɗaya tsatstsagewa yake yi, shi yasa ake barin kwali ya kwana a ɗaki tukuna. Washegari na buɗe, akwati ko ƙwarzane babu, na ɗaga murfi sai ga kan jitar ya karye daga bayan wuya, tsirkiyoyi ne kaɗai ke riƙe dashi. Na fi minti goma a tsugune ban iya cewa komai ba.

Mutane da yawa basa gane yadda jita zata karye alhali akwatinta lafiya, ita ma matar kwastoma kiya abinda ta fara ce min kenan, tace Malam ai akwatin bai fashe ba, anya ba a karye aka sa ta ba? To ga yadda abin yake. Irin wannan ƙirar kanta a lanƙwashe yake baya wajen digiri 17, wuyan na katakon mahogani ne, kuma daidai wurin lanƙwasar an rarake ciki don ƙarfen da ake saita wuya dashi, so katakon da ya rage a wurin ɗan siriri ne. Ga tsirkiya shida suna jan kan nan da ƙarfin da ya kai kilo 45 ko kusa da haka, ga nauyin makunnan ɗaure tsirkiya a can ƙarshe. In kwali ya faɗi ta baya, akwatin zai tsaya cak amma kan jitar zai fizga, shikenan ya tafi. Masu jita ƙirar Stratocaster sun fi samun sauƙi don kanta a miƙe yake kuma wuyan da sukuru huɗu aka ɗaure shi, ko ya lalace sai a cire a sa wani. Ita tawa manne wuyan yake da jiki.

Gaskiya ɗaya ce, mai sayarwar yana da nasa laifin, bai sassauta tsirkiya ba kuma bai cusa komai ƙarƙashin kan da samansa ba, ko tsohuwar riga ce da ta tare fizgar. Amma su kamfanin sun karɓi kayan a haka, sun san jita ce don an rubuta a fom, sun kuma karɓi ƙarin kuɗi kan ƙimar da aka bayyana. Da aka zo neman diyya sai sharuɗɗa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wai ni ba zan iya shigar da ƙorafi ba sai wanda ya aiko don shi ya biya su, na koma ina roƙon mutumin da ya riga ya karɓi kuɗinsa. Allah Ya saka masa ya tsaya min. Bayan sati biyar amsa ta zo layi biyu, wai ba a naɗe kayan yadda ya kamata ba, kuma wai na sa hannu na karɓa ban rubuta cewa kwali ya lotsa ba.

Dan Allah duk mai karanta wannan, in kaga ko ɗan lotsi a kwali ka rubuta a takardar direba kafin ka sa hannu, ka ɗauki hoto yana tsaye, kar ka jefar da kwalin don zasu nemi ganinsa. Sannan wannan kuɗin ƙimar kaya da suke karɓa mutane na ɗauka inshora ce, ni ma haka na ɗauka, ashe iyakar abinda zasu iya biya kawai yake ɗagawa in sun yarda laifinsu ne, kuma su ne masu yanke ko laifinsu ne. In baka bayyana ƙima ba ma abin ya fi muni, don ƙa'idojin dakon kaya tsakanin ƙasa da ƙasa da nauyi suke lissafi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta kayan jirgin sama yanzu SDR 26 ce kan kowane kilo, SDR ɗin nan ma'aunin kuɗi ne na IMF, kuma kwana 14 gareka ka kai ƙorafin lalacewa a rubuce. Ta manyan motoci, CMR ta 1956, SDR 8.33 ce kan kilo. Jita da akwatinta da kwali da ƙyar su haura kilo 10, kaga abu mai tsada mara nauyi shi ya fi kowa cutuwa a wannan lissafin.

Za ku ce me ya maida ni wajensu karo na uku. Amfilifayata na sayar don in samu kuɗin gyaran jitar, mai bawul ce, wato 'yan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila da ke ƙara ƙarfin sauti, da sifika biyu masu inci 12, nauyinta ya kusa kilo 30, kuma mai sayen ne ya zaɓe su don su ke kaiwa inda yake, lokacin kuma amsar ƙorafina bata ma fito ba. Wannan karon ni na naɗe da hannuna. Na cire bawul ɗin duka, manyan 6L6 guda huɗu da ƙananan, na sa wa kowanne lamba na naɗe na aika su daban a ƙaramin kwali don gilashi ne. Na duba sukurun taransifoma na ƙara ɗaurewa saboda ita ce mafi nauyi a ciki kuma in aka yar da kaya ita ke fara lanƙwasa ƙarfen da take kai. Kwali biyu nasa, ɗaya cikin ɗaya, soso mai kaurin santimita 5 ta ko'ina, na ɗauki hoton siriyal lamba da kowane mataki. Abu ɗaya da nake nadama, kwalin waje na asali ne mai tambarin amfilifaya ɓaro-ɓaro a jiki, ban juya shi ba ban rufe ba.

An yi sikanin ɗinta ta shiga babban siton da suke rarraba kaya, daga nan bata sake fita ba. Kwana 23 shafin bibiya yana nuna min tana kan hanya. Na kira sau tara, duk kira sabon mutum, duk kira sai na faro labari daga farko, wani yace yallaɓai ka ƙara haƙuri awa 48, wani yace an buɗe bincike, wani yace shi bai ga wani bincike a kwamfuta ba. Kaya mai kilo 30 ba ambulan bane da zai zame bayan tebur, ni zuciyata sata take ba ni, kuma na nemi su duba kyamarar siton na ranar basu taɓa ba ni amsa kan wannan ba ko sau ɗaya.

Sun biya daga ƙarshe, bayan wata biyu da rabi, cikakkiyar ƙimar da na bayyana amma banda kuɗin aikawa, kuma sun biya ne don ni na aika, ina da rasit, ina da hotuna, ina da siriyal lamba, babu ƙofar da zasu bi. Kafin nan daga aljihuna na maida wa mai sayen kuɗinsa don shi bashi da laifin komai.

In tufafi ne ko littattafai zaka aika ba zan hana ka su ba, suna da sauri kuma direbobinsu mutanen kirki ne. Kayan kiɗa kuwa a'a, sai in ka sayi inshora ta daban daga wani wuri wadda ta rubuta kayan kiɗa ƙarara a takardarta. Jitar mai gyara ya manne min ita da gam, tana kiɗa kamar da amma layin karayar yana nan a bayan wuya, babban yatsana na taɓa shi duk sanda na riƙe ta. Ƙaramin kwalin bawul ɗin shi ya isa lafiya, mai sayen ya maido min, suna nan cikin durowa, har yau kuma nakan shiga shafukan sayar da kayan hannu da dare ina duba siriyal lambar amfilifayar.