Wasiƙa daga Ohayo: a nan har baƙin mai ake kaiwa gwaji

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kun tashi lafiya. Ya su Inna, ya sanyi?

Saƙon muryarka ya same ni a wurin aiki, shi ya sa ban amsa nan take ba. Na ji an sauke injin Golf ɗin, an kai Kano an yi masa borin, wato an ɗan faɗaɗa ramukan silinda, an sa sababbin fistin da ring daga Ƙofar Ruwa, kuma bakanike ya ce daga yau sai mai mafi kauri. Ka ce in faɗa maka wanda Turawa ke zubawa. Maganar tana da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

Ni ma Golf gare ni a nan Kolombus, a jihar Ohayo ta Amurka, sai dai suna kawai ya haɗa su. Tawa GTI ce mai turbo, kuma yaron da na saya a hannunsa ya taɓa mata kwamfuta, ya ƙara mata ƙarfi fiye da yadda kamfani ya fito da ita. A hunturun bara na zaro sandar awon mai na sansana, sai na ji warin fetur. Na ɗiga a yatsa ina murzawa, irin yadda muka tashi muka ga ana yi a tashar Gumel. Wani abokin aikina ɗan Meziko ya tsaya yana kallona, ya ce me nake nema a yatsa? In aika da man ɗakin gwaji mana.

Ashe sana'a ce guda. Su za su aiko maka da 'yar kwalba. Ka tayar da mota ta yi ɗumi, ka kwance ƙusar ƙasa, ka bar na farko ya zube, ka tari na tsakiya kamar rabin kofin shayi, ka rubuta irin man da nisan da ya yi, ka jefa a gidan waya. Abin da na biya bai kai kuɗin cika tanki ba. Bayan kwana goma sai ga takarda ta imel, sak sakamakon gwajin jini.

Kowane ƙarfe da inji ya ci ana ƙirga shi kashi nawa ne cikin miliyan, kuma kowanne da inda yake nunawa. Baƙin ƙarfe daga bangon silinda da kamshaf yake fitowa. Alminiyam yawanci fistin ne. Jan ƙarfe da dalma, ka tuhumi metal ɗin kuranshaf. In aka ga sodiyam da fotasiyam tare, ruwan lagireto ne ya sami hanya, wato gaskit ya fara cin amana tun kafin mai ya koma kamar madara. Silikon kuwa ƙura ce da ta tsallake filtar iska. Akwai wasu lambobi manya da suka fara tsorata ni, na kalsiyam da tutiya da fosfaras, har dubu da wani abu. Daga baya na gane waɗannan ba ɓarna ba ce, magani ne da kamfanin mai ya zuba da gangan, na wanke datti da na hana ƙarfe cin ƙarfe.

Ƙarafan nawa duk lafiya lau bayan mil 5,000, wato kilomita 8,000. Abin da suka ja wa layi shi ne fetur: ya haura kashi 3 cikin ɗari a cikin man. Mai ɗan aji 40, wato wanda lambarsa ta ƙare da 40 kamar 5W-40, dole kaurinsa a zafin digiri 100 ya faɗa tsakanin 12.5 da 16.3 a ma'auninsu. Nawa ya sauko 11 da ɗoriya. Na sayi 5W-40, fetur ya mayar mini da shi aji 30 ban sani ba.

Da kai ne, na san me za ka ce: a zuba mai kauri. Ni ma shi na fara tunani. Amma laifin ba na man ba ne. Injin da aka ƙara wa ƙarfi yana shan fetur fiye da ƙima, ni kuma tafiyar minti goma ce tsakanina da aiki, cikin ƙanƙara, ga barin mota tana ta ɗumi a ƙofar gida. Man bai taɓa yin zafin da zai kori fetur ɗin ba. Sai na tsaya a kan 5W-40 mai ɗauke da lambar amincewar Volkswagen, 502 00, na rage tazarar juye zuwa kilomita 5,000, kuma duk Asabar in hau babbar hanya in ba ta wuta na rabin sa'a. Gwaji na biyu fetur ya ragu sosai. Su kansu sun ce takarda ɗaya ba ta yanke hukunci, sai an jera biyu ko uku an ga ina lambobin suka dosa.

To mu dawo kan taka. A lambar mai irin 5W-40, ta farko mai W ta sanyin safiya ce, ta biyu ita ce kauri bayan inji ya yi zafi. A nan, inda ruwa ke daskarewa a Janairu, ta farko ce abin tsoro. A Gumel ko sanyin hunturu ya kai ina, bai kai a damu ba, zafin Afrilu ne abokin gaba. Shi ya sa 20W-50 ta karɓu a gida, kuma ga tsohon inji da ya saki jiki tana da amfani, tana toshe giɓi. Amma naka yanzu ba sakakke ba ne. In dai mai borin ya yi aiki da awo, giɓin ya matse, kuma a ganina 15W-40 ta ishe ka. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne juyen farko: kada ka wuce kilomita 1,000, ka canza har da filta. Sabon ring yana goga bango, garin ƙarfe na zuba, kuma a ƙa'ida ne. Ko a nan in aka gwada man farko bayan gyara, ƙarfe da silikon sukan yi sama, silikon ɗin ma wani lokaci daga gam ɗin gaskit ne.

Abin da nake jin zai cika takardarka da akwai mai gwadawa a kusa shi ne ƙura. Ka tuna hanyar Maigatari ranar Alhamis, mota tana bin bayan tirelar shanu, ba ka ganin gabanka. Na sha ganin direbobinmu sun cire filtar iska sun buga a taya sun mayar, wasu ma su yar da ita wai don mota ta numfasa. Yashi in ya shiga silinda, ko man Makka ka zuba, borin ɗin nan ba zai ga damina biyu ba.

Wajen kaya, gaskiya mutanen nan sun fi mu kwanciyar hankali. Galan ɗinsu lita 4.7 ne, a rufe, da tambarin API, cibiyar da ke tantance ingancin mai, a baya, kuma ban taɓa tsayawa ina tunanin ko tsohon mai aka tace aka ɗura ba. Tsohon ma ba a zubarwa, shagon kayan mota ake mayarwa su karɓa kyauta. Na ba ɗan Mezikon labarin yadda muke shafa shi a azara don gara, ya riƙe baki. Wajen hannu kuwa ina kewar gida. Bakanike a nan ya haura dala 100 a sa'a, kuma in kwamfuta ba ta nuna masa komai ba, shi ma bai ga komai ba. Bakanikenka da ke kafa sukundireba a kunne ya ce maka metal na uku ne ke kuka, da a nan yake da ya gina bene.

Kada ka sayi na awo a kwalba a bakin titi. Ka je gidan mai ko babban dila, ka duba hatimin murfi da kanka. Kafin a zuba, ka ɗauko mini hoton bayan galan ɗin ta WhatsApp, da na filtar iskar da ke kan motar yanzu. Kuɗin sabuwar filta da juyen farko suna cikin abin da zan turo ranar Juma'a, ban da na Inna. A gaishe da Yaya Babba da yara.