Fulamba na biyu ne ya raba mu da yoyon bututun shadda

Shekara biyu muna fama da danshi a bangon gidanmu ta waje, daidai inda bututun ruwan wanka da na kwanon wanke hannu suka shiga babban bututun shadda da ya sauko daga bene. Fenti ya kumbura, filasta tana zubewa, gansakuka ya bi bangon har ƙasa. Idan bazara ta kankama, wari ba ya barin mutum ya zauna a tsakar gida bayan la'asar. Uwargida ma ta daina shanya a wannan gefen.

Wanda ya yi aikin tun farko ƙarfe ya gasa a wuta ya huda cikin babban bututun mai inci 4, ya cusa mai inci 2, ya naɗe da robar tayar keke, ya lafta siminti a kai. Sau uku ina kiransa, sau ukun kuma simintin yake ƙarawa. Wata biyu a yi lafiya, sai abu ya dawo.

Maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani fulamba a nan Kano, kuma aikinsa nake so in yi magana a kai. Da ya zo bai fara da zancen kuɗi ba. Ya sa tsani, ya farfasa simintin, ya ce in hau in gani da idona. Ashe ƙaramin bututun ya kutsa cikin babban da kusan yatsa uku, ya zama ƙugiya: gashi da takarda da sabulu duk sun taru sun yi curi a bakinsa. Ya ce, "Alhaji, siminti ba ya kama roba. Wannan ba faci ake masa ba, yanke shi za mu yi."

Tare muka je kasuwar Ƙofar Ruwa. Ya zaɓi mahaɗa mai reshe a karkace, wadda suke kira Y, mai inci 4 da reshen inci 2, da soket (guntuwar mahaɗa mai haɗa bututu biyu a miƙe), da gwangwanin gam na Tangit. Na ɗauko wani bututu mai sauƙin kuɗi, ya matsa bakinsa da hannu ɗaya ya lotsa, ya ajiye ya ɗauki mai kauri. Gam ɗin ma sai da ya buɗe a gaban mai shago ya tsoma sanda. Ya ce in ya yi kauri kamar tuwon da ya kwana, ba ya aiki.

A wurin haɗawar ne na san kuɗina bai tafi a banza ba. Ya yanke bututun a miƙe, ya kankare bakin har ya yi ɗan gangare, ya goge ƙura da maiƙo tas. Sai da ya gwada haɗawa ba gam, ya ja layi da biro a inda zai tsaya, sannan ya shafa gam ciki da waje, ya tura a take har layin ya ɓace, ya riƙe kamar rabin minti. Bayanin da ya yi mini shi ne wannan gam ɗin narkar da fatar robar yake yi, biyun su zama abu ɗaya, shi ya sa ba ya son jiƙa kuma ba ya jira. Reshen kuma bai mayar da shi inda yake ba. A da yana saitin bakin shadda ta ɗaya gefen, duk wanda ya kora ruwa sai ƙazanta ta fantsama cikinsa. Ya sauko da shi inci 8, ya ba ƙaramin bututun gangare kamar santimita 2 da rabi a kowace mita, ya ɗaure shi da bango da ƙarafa don kada nauyin ruwa ya riƙa jan mahaɗar.

Abu guda ban taɓa kawo shi a raina ba: bututun roba yana miƙewa da zafi. Namu mita 6 ne, a bangon da rana take duka tun azahar. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin Afrilu, tsawonsa yana iya canzawa fiye da santimita ɗaya. Don haka ya sa mahaɗa ɗaya mai zoben roba a tsakiya, ba gam, ya bar mata ɗan sarari ta yi numfashi. Ya kuma ƙara wa bututun iska, wato wanda yake buɗe a sama don iska ta riƙa shiga da fita a bututun shadda, tsawo ya wuce rufi, ya sa masa raga. Daga ranar kwanon wanke hannu ya daina wannan ƙugin da yake yi in an kora shadda.

Ya hana mu taɓa banɗakin sai washegari, abin da ya jawo mini ƙorafin yara. Da safe ya naɗe kowace mahaɗa da busasshiyar takarda, ya sa yaronsa ya juye bokiti shida a jere daga sama. Ko ɗigo takardar ba ta nuna ba.

Inda ya ɓata mini rai shi ne alkawari. Ya ce ƙarfe 8, bai iso ba sai da aka kira azahar, wayarsa kuma a kashe. Ɓaraguzan simintin nan ya bar mana su, filastar da ya fasa sai da na nemo birkila daban. Ya ce a yi wa bututun fenti don rana tana busar da roba ta sa ta tsage, amma bai faɗa ba sai da muka dawo daga kasuwa. Kuɗin aikinsa kuwa ya kusa ninka na wancan, kuma ko sisi bai rage ba.

Duk da haka na ba ƙanina lambarsa, don shi ma bene yake ɗorawa. Yau wata tara ke nan, mun ga bazara mun ga damina, bangon ya bushe har an sake masa fenti, igiyar shanya kuma ta koma inda take.