Filastar rufe ido ta yara: wata biyar muna fama da ita a zafin Makka

Wata rana ƙura ta faɗa wa Ummi a idon dama, na dafe mata shi da tafin hannu kafin in ɗebo ruwa, sai na ji ta ce, "Umma, kin zama dishi-dishi." Shekararta biyar a lokacin, ba harara-garke ba ce, ba ta taɓa kukan ido ba. Daga mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarmu a Shari'a Mansur, aka tura mu wajen likitan idon yara. Ya ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido, muka yi zaman jira fiye da rabin awa, sannan ya auna.

Larabawa na kiran abin kasalul aini, wato kasalar ido, kuma sunan ya dace. Idon hagun lafiyarsa lau, sai dai lambar tabarau da yake buƙata ta fi ta ɗan'uwansa nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙwaƙwalwa ta yi watsi da hotonsa ta dogara da na dama. Likita ya ce gyaran ya fi kamawa kafin shekara 7 zuwa 8, lokacin da hanyar gani ke kan ginuwa. Aka fara da tabarau wata uku, da bai wadatar ba aka ce a riƙa rufe ido mai kyau awa 2 kullum don ragon ya tashi ya yi aiki.

Iri biyu na gwada. Ta farko ita ce mai mannewa a fata, wadda a saidaliyya, wato kantin magani, ake ce wa lasga, guda 20 a kwali. Wajen rufewa ba ni da abin cewa, tana toshe ido ruf, ba kafar leƙe ko ta gefen hanci. Matsalarta gumi. Ko wanda ya ƙera ta bai san Makka a watan Yuli ba ne, oho. Yarinya ta fita tsakar gida minti goma, gefen ya fara ɗagowa kamar tsohuwar takardar bango, dole a sa wata. Kwalin da na yi lissafin zai kai mu kwana 20 ya ƙare a 12, kuma ba araha gare ta ba. Ga shi idan ba gumi aka cire ta da sauri sai ta bar jan zobe a kewayen ido. Daga baya na koyi jiƙa gefen da ruwan ɗumi, in ɓare a hankali daga wajen hanci zuwa kunne, da dare in shafa ɗan basilin.

Ta biyu ta ƙyalle ce da ake zura wa tabarau, ana wanke ta a sake sawa. Kwana huɗu ina murna, sai na kama Ummi ta zame tabarau zuwa kan hanci tana kallon katun ta sama da idon da aka ce a rufe. Ga yaro babba mai jin magana za ta yi, ga irin tawa asarar kuɗi ce.

Kukan makon farko kam ba a magana, don kuwa an rufe mata idon da take gani da shi ne. Hajiya, surukata, har ta yi fushi: "Ku ƙyale min kishiyata, wane irin magani ne a bar mai ciwo a rufe mai lafiya?" Yanzu ita ce ke zaunar da ita bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi, suna zura duwatsun carbi a zare har awa biyun ta cika. Wannan sauyin lokacin shi ya kashe maganar gumi, filasta ɗaya tana isar mu a yini.

Akwai maganin ɗigawa, atirofin, da ke dusashe ido mai kyau a madadin rufewa, amma yana sa ido ƙin haske, ni kuwa da ranar garin nan ban yarda ba.

A awon ƙarshe idon hagu ya karanta ƙarin layi uku a allon gwajin ido, ƙasa da inda ya tsaya da farko. Mai mannewar zan ci gaba da saye duk da tsadarta. Likita ya ce ba a dainawa farat ɗaya don kasalar kan dawo, za a rage awannin ne sannu a hankali, mu koma bayan wata biyu.