Takarda, zama ko allon intanet: wace hanya za ka bi da sakamakon bincikenka?

An gama bincike, alƙaluma sun fito, ga ɗan kuɗin da mai ɗaukar nauyi ya ware don yaɗa sakamako. Kafin ka taɓa kuɗin nan, ka amsa tambaya biyu: wa kake so ya sauya abin da yake yi, kuma yaushe zai yanke shawara? Amsar ita za ta nuna maka inda ya kamata kuɗin ya tafi.

Wallafawa a mujallar kimiyya ba zaɓi ba ne, dole ne, domin ita ce shaidar cewa masana sun tantance aikinka. Sai dai kada ka ɗauka ta kai saƙo. A 1972 Graham Liggins da Ross Howie suka wallafa gwajin da suka yi a New Zealand, wanda ya nuna cewa allurar steroid ga mace mai shirin haihuwar bakwaini tana rage wa jariri matsalar numfashi. Magani ne mai arha, hujja kuma na nan a rubuce, amma sai a shekarun 1990, bayan an tattara gwaje-gwajen wuri guda, amfani da shi ya yaɗu. Zanen wannan tattarawar ne har yau tambarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa. Idan za ka biya mujalla, ka biya wadda kowa zai iya karantawa kyauta, don jami'in ma'aikata ba zai sayi maƙala ba.

Taƙaitacciyar takarda ga masu tsara manufofi ita ce ta fi komai arha idan aka duba amfaninta. Wata gidauniyar binciken lafiya ta Kanada ta shahara da tsarin 1:3:25, wato shafi ɗaya na muhimman saƙonni, shafi uku na taƙaitawa, sai cikakken rahoto da bai wuce shafi 25 ba. Minista zai karanta na farko, mai ba shi shawara na biyu, ƙwararren ma'aikatar kuma na uku. Idan za ka ɗauki marubuci, ka ce ya nuna maka aikinsa na baya, ka duba shafin farko. In ya fara da yadda aka gudanar da bincike, ka nemi wani. Takarda mai kyau tana farawa da matsalar, ta kawo hanyoyi biyu ko uku da za a iya bi, da nauyin kowace da abin da zai iya hana ta tafiya. Kuma ta faɗi inda hujjar ke da rauni, don ranar da aka gano ka ɓoye, ba za a ƙara buɗe takardarka ba. Aibinta ɗaya ne: tana iya kwana a aljihun tebur.

Shi ya sa ni na fi karkata ga zama ido da ido. Zuwa da kai ya fi aike. Mutane suna yawan ambaton taswirar kwalara ta likita John Snow, amma ba ita ta sa aka cire hannun famfon titin Broad a Landan ba, famfon da ya zarga da yaɗa cutar. Shi da kansa ya je gaban hukumar yankin a ranar 7 ga Satumba, 1854, ya yi bayani, washegari aka cire hannun. Taswirar daga baya aka buga ta. Shirin EVIPNet na kai hujjar bincike ga masu tsara manufofi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2005 yana haɗa biyun: a aika takarda tukuna, sannan a zauna a tattauna. Ba babban taro mai jawabai nake nufi ba. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin sun isa, muddin akwai mai riƙe da kasafin kuɗi da wanda zai aiwatar a ƙasa. A nan ne za ka ji abin da bincikenka bai gani ba, kamar rashin ma'aikata ko dokar da ta tsaya a hanya. Yana cin lokaci, kuma sau ɗaya ba ya wadatarwa.

Sanarwa ga manema labarai tana da sauri, amma ba kowane sakamako ya dace da ita ba. Ranar 16 ga Yuni, 2020, masu gwajin magungunan korona mai suna RECOVERY a Birtaniya suka sanar cewa maganin dexamethasone ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, kuma a ranar aka amince da amfani da shi a ƙasar. Gwajin babba ne, maganin yana hannu, matakin kuma a fili yake. In naka ƙaramin bincike ne mai "watakila" da yawa, kanun labarai za su haɗiye watakilan.

Allon bayanai na intanet kuwa, yana burge ido, amma kamar dabba yake, kullum sai an ba shi abinci. Ko na Jami'ar Johns Hopkins, wanda duniya ta dogara da shi lokacin korona, ya daina tattara bayanai a Maris 2023. In ba ka da wanda zai riƙa sabunta shi bayan kuɗin bincike ya ƙare, ka bar shi.

Likitoci, ungozoma da jami'an lafiya lissafinsu daban ne. Ba manufa suke nema ba, abin da za su yi wa marar lafiyar da ke gabansu suke nema. Nazarce-nazarcen Cochrane sun nuna cewa raba takardu kaɗai ɗan sauyi yake kawowa, ziyarar ƙwararre zuwa wurin aiki da nuna wa ma'aikaci alƙaluman aikinsa sukan fi tasiri, ko da yake su ma ba sihiri ba ne. Jerin abubuwan dubawa 19 na ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 shafi ɗaya ne, ana karanta shi da baki kafin a sa wuƙa da kuma bayan an gama aikin. Irin wannan za ka nema. Ga ma'aikatan da ke nesa, akwai salon Project ECHO da aka fara a Jami'ar New Mexico a 2003, inda ake haɗuwa ta bidiyo a kai a kai ana tattauna ainihin marasa lafiya.

In kuɗinka abu biyu kawai zai iya, ka ɗauki takarda da zama, amma kafin ka sa rana ka tambayi ma'aikatar watan da take rufe daftarin kasafinta, ka kai musu tun kafin lokacin.